Hamisu Mai Rediyo da Wayar da Ta Kai Iya Arfa

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da muka kai Hamisu Mai Rediyo makwancinsa a Ƙaraye. Ashirin da bakwai fa, jama'a! Yarinyar da ya bari a goye yanzu 'ya'yanta uku, babbar har ta fara ce mini tsoho mai surutu. Ni kuwa da ake cewa bakina ne zai kashe ni tun ina saurayi, ga ni nan daram, haƙora ne kawai suka yi ƙaura suka bar ni da harshen. Allah ya jiƙan Hamisu, ya sa ya huta, ya kyautata tamu in ta zo.

Taubashina ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yawo ba wando nake da izinin tsokanarsa, kuma ban taɓa bari izinin nan ya yi ƙura ba. Shi mutum ne mai shiru, irin wanda in ka gaishe shi da hantsi sai azahar amsar ta iso. Ni kuma in na buɗe baki, sai dai kiran sallah ya ceci jama'a. Mutane suna mamakin yadda muka jitu, ni kuwa ban ga abin mamaki ba. Shi yana da hannu ba baki, ni ina da baki ba hannu, aka haɗa mu aka samu mutum ɗaya cikakke.

A Kano ya koyo gyaran rediyo, ya dawo ya kafa rumfa a kasuwar Ƙaraye tun zamanin da mai rediyo-kaset ke tafiya yana ɗaga kafaɗa kamar ya sayi jirgin sama. Daga rediyo ya koma talabijin, daga nan bidiyo. Da satalayit ya shigo ƙasarmu farkon shekarun casa'in, shi ne ya fara kafa shi a duk yankin nan namu. Yaran yanzu ba su san abin da nake nufi ba. Ba wannan ɗan farantin da ake maƙalawa a bango kamar murfin tukunya ba. Namu kwando muke ce masa, kuma in ka kifa shi sai ya rufe ɗakin amarya har da 'yan rakiya. Daga kwandon waya take shigowa cikin wata 'yar akwati da ake kira risiba, ita kuma risiba ta ba talabijin hoto da murya. Ni a wannan harka sunana manaja. Aikin manaja kuwa shi ne ɗaukar tsani, da riƙe tsani, da gaya wa mai gida cewa ko a Ingila ba a yi injiniya kamar wanda ke saman tsanin ba.

Duk abin da Hamisu bai faɗa a duniya ba, a kan waya ya tara shi. In kana so ka ji muryarsa, taɓo zancen waya. Yakan ce kwando kunne ne, risiba ƙwaƙwalwa, amma waya ita ce hanya, kuma duk kyan kayanka in hanya ba kyau a karye za su isa. 'Yan wayoyin nan uku masu kai ja da fari da rawaya, ya ce na zaman kusa ne, tsakanin risiba da talabijin in suna kan tebur ɗaya. Da zarar tafiya ta yi nisa, to a bar yara a gida a nemo babba, wato wayar eriya mai kauri, wadda ke ɗauko hoto da murya a ciki ɗaya. Kuma ba kowace wayar eriya ba. Sai ya yanke bakinta ya duba: jan ƙarfe a tsakiya, farin kitse mai tauri ya lulluɓe shi, sannan sulke mai saƙa cunkus kamar tabarmar kaba, ba irin mai gashi tsilli-tsilli kamar gemun ɗan shekara sha bakwai ba. Sulken nan, in ji shi, shi ke tare wa hoto hayaniyar inji da ta wayar wuta. Har mayen ƙarfe yake yawo da shi a aljihu, wanda ya ciro daga tsohuwar sifika. In ya ɗora a kan zuciyar wayar ya ga ya kama, sai ya ajiye ya yi gaba, wai baƙin ƙarfe ne aka yi wa wankan ja. 'Yan kasuwar Kano da sun hango shi sai su fara ɓoye kaya. Dokarsa ta ƙarshe ita ce doguwar waya ba a yi mata ƙari a tsakiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ni duk wannan karatu a lokacin ina jin sa ne kamar wa'azin da ake yi wa wani. A ganina waya waya ce, in dai an murɗa ta kama, shi ke nan. To bari in ba ku labarin ranar da na gane kurena.

Akwai wani attajirin hatsi a Rogo, wajen hanyar Zoza, ana ce masa Alhaji Ilu. Ya biya wa mahaifiyarsa kujerar Makka za su tafi tare. Tsohuwar kowa Iya yake ce mata, kuma tun tana da ƙarfinta ba ta da buri irin ta ga ta tsaya a Arfa. Saura 'yan makonni a tashi, santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ƙugu ya karye. Mai ɗori ya ɗaure, ya ce ko daga gado zuwa tabarma kada a motsa ta. Shi ke nan tafiya ta fasu. An ce ba ta yi kukan ciwo ba, amma ranar da aka fitar da jakarta daga cikin kayan tafiya ta juya fuska bango.

Alhaji ya ji labarin ana kamo tashar Saudiyya da kwando, kuma ranar Arfa ana nuna tsayuwar kai tsaye. Ya aiko aka kira Hamisu. Muka kafa kwando a filin ƙofar gida, muka ajiye risiba a falon baƙi, hoto ya fito tar. Saura a ja waya zuwa ɗakin Iya, can ƙuryar gida, sai ga saƙo wai jirginsu ya matso, a hallara a sansanin alhazai. Yana shiga mota ya riƙe hannun Hamisu ya ce, "Malam Hamisu, na yi wa tsohuwar nan alkawari za ta ga Arfa daga kan gadonta. Amana ce na bar maka." Hamisu ya ce, "To." Iyakar jawabinsa ke nan. Ni ne na ƙara da cewa ko ƙudan da ya sauka a kan dutsen sai ta gan shi.

Gidan sai ya koma hannun ƙanensa, Malam Idi, malamin allo ne, mutum mai tsare gida da tsare fuska. Shi dama kwandon nan bai kwanta masa ba, in zai wuce sai ya kauce kamar zai cije shi. Aiki ya yi wa Hamisu yawa a rumfa, sai ya tura ni Rogo in auno tsawon hanya daga falo zuwa ɗakin Iya, don ya san yadi nawa zai yanko a Kano. Na je, na yi sallama, muka gaisa da Malam tun daga iyali har dabbobi, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Maigidan ba ya nan. Gidan nan ba shiga."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai ni ɗan gida ne, kuma idona ɗaya ma ba ya gani sosai."

Ya ce, "To ka adana ɗayan."

Wani zai koma Ƙaraye ya faɗi gaskiya. Ni kuwa manaja ne, manaja ba ya komawa hannu rabbana. Na tambaya aka nuna mini bayan ɗakin Iya ta lungu. Na tsaya daidai tagar falo, na bi jikin katanga ta waje ina taku ina ƙirgawa, miƙe sambal, har bayan ɗakin. Taku saba'in. Na ƙara goma na albarka. Na dawo na ce wa Hamisu tamanin. Ya kalle ni ya ce, "Ka shiga?" Na ce, "Har fura aka dama mini." Allah ya yafe mini, ko ruwan randar gidan ban gani ba.

Ya tafi Kano ya tarar mai kaurin ta yanke a kasuwa, sai siririya. Aka ce ya ɗauka, kowa ita yake saye, ga araha. Ya ce araha ba ta ado, siririya a taku tamanin kafin hoto ya isa ya galabaita. Sau uku yana komawa. Ni har na fara yi masa waƙa, ina cewa sai alhazai sun dawo sun raba tsaraba sannan wayarsa za ta iso. Bai samu irin wadda yake so ba sai ana gobe Arfa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to mu dai ranar muka fafe namu.

Wani lokaci in na ga yaran da ke wannan sana'a yanzu sai in yi dariya ni kaɗai. Yaro zai zo da ɗan farantinsa a bayan babur, ya huda bango, ya sako wata waya mai kama da taliya, ya bar ta tana lilo a iska, kafin shayinka ya huce ya karɓi sallama ya tafi. Ruwan farko in ya sauka, hoto ya ɗauke, a kira shi ya ce hadari ne. Da Hamisu zai leƙo ya gani, na san ba zai ce komai ba. Zai dai yanki bakin wayar ya duba, ya yi wannan ɗan tsakin nasa da ya fi zagi ciwo. Amma kada in zalunci yaran, a cikinsu akwai masu tsoron Allah. Na ga wani a Tudun Kaya yana bin bango da ƙusa yana ɗaure waya tiryan-tiryan, ya ƙi haɗa ta da ta wuta, har na tsaya na sa masa albarka, ya zaci bara na zo.

Mu koma Rogo. Ranar Arfa da hantsi muka isa a babur, ni a baya na rungume naɗin waya kamar jariri. Ga azumin ranar a bakinmu, ga zafin nan na gab da faɗuwar damina wanda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Malam Idi ya tare mu a zaure, ya ce a ba shi bakin wayar shi zai ja ta ciki. Ana cikin haka sai wata dattijuwa ta leƙo daga soro na biyu ta ce Iya ta ce a gaya wa Idi, ita ta haife shi ba shi ya haife ta ba, masu waya jikokinta ne, su shigo. Malam ya sunkuyar da kai. Aka ce mata su shiga ɗaka, aka saki labule, muka bi bayansa.

Tun a taku na goma na san awona ya tashi a banza. Ashe gidan nan ta waje ne yake miƙe. Ta ciki kuwa hanjin tunkiya ne. Ka fita zaure ka karya dama, ka shiga soro ka karya hagu, ka zagaye rumbu biyu, ka bi ta bayan madafa, ka kauce wa turken da aka ɗaure ragunan layya, waɗanda suka bi wayar da kallo kamar an kawo musu harawa. Hamisu yana bin bango yana ɗaurewa sama inda bakinsu ba zai kai ba, ga shi ba ya yarda ya lanƙwasa ta da ƙarfi a kusurwa, sai ya yi mata kwana mai faɗi, wai in ka karya mata wuya ka shaƙe hoto. Kowace kwana tana cin yadi. Muna isa bakin rijiya waya ta ce ga garinku nan. Tsakaninmu da ƙofar Iya akwai taku goma sha biyar cur.

Hamisu ya dubi guntun da ke hannunsa, ya dube ni. Ya ce, "Furar da aka dama maka, da nono ko da ruwa?"

Na ce, "Taubashi, gidan ne ya ƙara tsawo, ka san gini yana buɗewa da zafi."

Ya ajiye guntun a ƙasa. Ya ce in tsaya a nan kada in taɓa komai, zai koma falo ya tayar da injin ba da wuta ya tabbatar tashar tana nan, sannan ya yi tunani. To ni kalmar kada in taɓa komai ita ce ba ta taɓa zama a kunnena ba. A jakata akwai ragowar wayar wuta, irin ta jan ƙwan lantarki. Na ce yau zan nuna wa mutumin nan ilimi ba a rumfa kaɗai yake ba. Na feƙe bakin wayarsa da haƙori, na tattare sulken na yar gefe don ya tsone mini ido, na murɗa tawa a jiki, na naɗe da baƙin salatif. Na ja ta har ɗakin Iya, na yi sallama, na cusa a bayan talabijin ɗin da mata suka riga suka ajiye mata a kan kujera.

A nan na fara ganinta. 'Yar tsohuwa ƙarama, an tokare ta da matasai, ta sa an ɗaura mata farin mayafi sabo, wanda ta ɗinka don tafiyar. Carbi a hannu. Ta ce, "Kai ne mai kai ni?" Na ce, "Ni ne direba, Iya, ki riƙe da kyau."

Inji ya tashi. Na murɗa talabijin. Abin da ya fito, jama'a, ko maƙiyinka ba ka so ya gani. Fari da baƙi suna ta zuba kamar ana sheƙar gero, wasu inuwoyi suna motsi a baya, ga wani gurnani kamar an kulle ƙudan zuma a tulu. Ina shirin in ce tashar ce ba ta gama farkawa ba, sai na ji Iya ta ce, "Innalillahi. Ruwa ake yi musu haka? Ga iska kuma. Wayyo Ilu, ga shi ba ya jure sanyi, ga ba riga a jikinsa." Ta ɗaga hannu ta fara roƙon Allah ya tsayar da ruwan nan, ya kare bayinsa.

Na sha yin ƙarya a rayuwata, wasu har da ado, amma ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba. Ga tsohuwa ta ba da gaskiya ga abin da na haɗa da salatif.

Sai ga Hamisu da Malam Idi a bakin ƙofa. Hamisu ya dubi talabijin, ya bi waya da ido har bakin rijiya, ya gane komai. Ya durƙusa ya ce, "Iya, ba ruwa ake ba. Rana ce tar a can. Laifin wayarmu ne, a ba mu ɗan lokaci." Wayarmu ya ce, bai ce wayar wane ba. Da muka fito tsakar gida ne ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ka sa tsohuwa tana kashe addu'arta a kan ruwan da ba a yi ba." Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Na ce to mu kwantar da hankali, ai muna da lokaci har magariba, in hau babur in nemo wata a Ƙaraye. Ya ce babu irinta a Ƙaraye, in ma akwai ba zai yi ƙari ba. Sannan wace magaribar? Ranar Makka tana riga tamu faɗuwa da awa biyu. Muna idar da la'asar kaɗan alhazai za su fara barin filin. A lokacin kuwa an kusa kiran azahar.

Ya ɗaga kai yana kallon sama, har na zaci addu'a yake. Can ya ce, "Ta ina ka auna?" Na faɗi gaskiya, karo na farko a wannan makon. Ya ce, "Miƙe?" Na ce miƙe sambal. Ya ce to in haka ne wayar ta isa, hanyar ce ba tata ba. A kwance ta daga bangon nan duka, a hau da ita saman soro, ta bi ta kan ɗakuna a miƙe ta sauko ta tagar Iya.

Malam Idi ya ce, "A'a." Kuma yana da hujja. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san ba a hawa soro haka kawai. Wanda ya hau saman gidan nan, tsakar gida uku na maƙwabta yake kallo, ga jajibirin sallah, mata suna ta wanki da kitso da daka. Sai an bi gida-gida an nemi izini, an ba su lokaci sun kintsa. Ya ce shi bai taɓa buga ƙofar maƙwabci don abin kallo ba, ba kuma zai fara yau ba.

Hamisu bai yi musu da shi ba. Ana cikin haka sai muryar Iya ta fito daga ɗaki, ba da ƙarfi ba: "Idi, sun ce rana ce ko? To a buɗe mini in gani mana, kada su tashi ban gansu ba."

Malam ya dubi ƙofar ɗakin. Sai ya gyara rawaninsa, ya saka takalmi, ya fita. Ta kan katanga muna jin sa yana sallama gida na ɗaya, gida na biyu, gida na uku. Bayan ɗan lokaci muka ji muryar da yake jan baƙi da ita ta cika unguwa: "Za a hau soro! Jama'a a kintsa, za a hau soro!" Har sau uku. Ya dawo da tsani a kafaɗarsa, shi da kansa.

Muka yi azahar a gurguje, muka kwance duk ɗaurin da aka yi, Hamisu ya yanke inda na ɓata da haƙori ya gyara bakin da wuƙarsa. Ya hau, na bi shi. Saman soron nan ya gasu har ina jin ƙamshin tafin ƙafata. Kansa a sunkuye yake tafiya, bai dubi dama ko hagu ba, ni ma ya ce in na ɗaga ido zai turo ni ƙasa. A can sama muka tarar da wayar inji wadda ke kai wuta cikin gida ta bi ta kan katanga. Ni da na ga hanya a share sai na ce mu ɗaure tamu a jikinta mu huta. Ya ce su biyun ba sa tafiya tare, in suka jera gurnanin nan zai dawo. Ya ba ta tazarar kamu biyu, inda dole sai sun haɗu ya sa tamu ta gitta ta sau ɗaya ta wuce. Wajen indararo ya ɗaga ta a kan guntun gora don kada ruwan damina ya kwanta mata. Ina ta ce masa lokaci fa, lokaci fa, yana ce mini sauri ya haifi nawa. Malam Idi yana ƙasa ya riƙe tsani da hannu biyu, yana ɗaga kai yana tambaya, "Ta kai? Malam Hamisu, ta kai kuwa?"

Ana kiran la'asar bakin wayar ya leƙa tagar Iya. Abin da ya rage bayan an cusa ta a talabijin bai fi kamu ɗaya ba. Goman nan da na ƙara ta albarka ita ta cece mu, kuma har gobe ina nan a kan bakana cewa lissafi ne.

Hamisu ya murɗa. Hoto ya tsaya cak, tar kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Dutse ya yi fari fat da mutane, hannaye a sama, rana ta yi ja tana shirin sauka, ga muryoyi suna tashi ba gurnani ko kaɗan. Matan gida suka manta da mu, suka cika bakin ƙofa da mayafansu. Iya ta ƙura wa talabijin ido. Ta saki carbin, ta ɗaga hannayenta daidai yadda ta ga suna yi, hawaye yana bin kuncinta yana shiga farin mayafin. Malam Idi ya zauna a ƙasa a gefen gadon, shi ma ya ɗaga nasa.

Ni da ba na iya ganin shiru in ƙyale shi, na nuna wani dogon mutum da lema na ce, "Iya, ga Alhaji can, wallahi har ya ɗago miki hannu." Ba ta ko juyo ba ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. Ilu gajere ne. Bar nema, na san yana ciki." Ta ci gaba da addu'arta har aka nuna rana ta faɗi, jama'a suka fara gangarowa. Sannan ta sauke hannu ta ce, "Alhamdu lillahi. Na tsaya."

Yau ga shi kowa da Makka a aljihunsa. Jikata tana kwance tana taɓa gilashin wayar hannu, ta nuna mini ɗawafi, ba kwando, ba tsani, ba mai shelar za a hau soro. Nakan tambayi kaina me Hamisu zai ce. Ina jin da farko zai jujjuya abin yana neman inda waya ta shiga, in bai samu ba ya ɗan ji haushi. Daga baya kuma zai yi murna, don shi ba kwandon yake ƙauna ba, isar saƙo yake ƙauna. Abin da na tabbata ba zai gane ba shi ne yadda abu ya zo da sauƙi har ya rasa daraja, ana nuna Arfa mutum yana dannawa ya wuce don ya kalli wani yana rawa.

Bai bar gida na a zo a gani ba, bai bar mota ba. Kwandunan da ya kafa duk an sayar wa 'yan gwangwan, rumfarsa yanzu ana cajin waya a wurin. In da ƙarfe ne abin da mutum ke bari, to Hamisu bai bar komai ba. Amma na ga abin da ya bari da idona ranar da ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Muna zaman makoki sai ga Malam Idi, ya tsufa, ya taho tun daga Rogo a bayan motar hatsi. Iya ta riga ta rasu da shekaru, ta ga dawowar ɗanta, ta sha zamzam daga hannunsa, ba ta ƙara damina biyu ba. Malam ya yi addu'a, sannan ya ce yana da saƙon da ya daɗe yana riƙe da shi. Kafin ta cika ta bar wasiyya, duk ranar Arfa, in an taru a gidan za a sha ruwa, a sa mai wayar nan a addu'a, don shi ya kai ta inda ƙafarta ta kasa. Ya ce ba su taɓa fashi ba, kuma ko bayan ransa 'ya'yansu sun sani.

Na share hawaye, na matsa kusa, na ce, "Allah gafarta Malam, ni fa? Ba ta ce komai a kaina ba?"

Ya dube ni, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya ce, "Ta ce a haɗa da maƙaryacin, shi ya fi bukata."

Bara na je Rogo ranar Arfa don in ji da kunnena. Malam Idi da Alhaji Ilu duk sun bi Iya, jikoki ne a gidan, yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar Hamisu ba. Da aka sha ruwa babbansu ya ɗaga hannu, ya ambaci iyaye da kakanni, sannan ya ce Allah ya jiƙan Hamisu mai waya, ya shiryi abokinsa. Na ce amin da ƙarfi, sau biyu, ɗaya tasa ɗaya tawa.